Mun Bi Gadarmu Har Kaduna

Daga gida zuwa Kura

Ana kiran assalatu na ƙwanƙwasa ƙofar Baffa Habu, ƙanin mahaifina. Ashe tuni ya shirya. Yana zaune a zaure cikin babbar rigarsa ta Sallah, sanda a gicciye bisa cinya, sai ka ce shi za a je nunawa. Matarsa Inna Hansai ta miƙo mana ƙullin dafaffen ƙwai da gorar kunun zaki, tana cewa in mun ga abin mu gaishe mata da shi. Muka yi asuba a masallacin ƙofar gida, muka hau babur ɗaya, Baffa a tsakiya, ni a baya ina tallafe da shi.

Ga wanda bai san mu ba, bari in faɗi abin da ya fito da mu. Unguwarmu tana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin wani reshe na kanal. Gidaje suna wannan gefe, gonaki suna wancan. Abin da muke takawa mu haye zuwa gonakinmu tun ina rarrafe kuwa, fiffiken jirgin sama ne. Eh, fiffiken jirgin soja. Baffa yana saurayi, tun ba a haƙa kanal ba, wani jirgi ya zo ƙasa-ƙasa yana hayaƙi ya kwanta da cikinsa a gonar gero. Matuƙin ya fito da ƙafarsa, aka dama masa fura ya sha. Daga baya aka zo da babbar mota aka ɗauke gangar jikin, aka bar fiffike ɗaya da ya ɓalle, aka ce za a dawo a ɗauka. Da aka haƙa kanal ruwa ya raba mu da gonaki, sai iyayenmu suka ɗaura wa fiffiken igiya, shanun huɗa suka ja shi, aka gitta shi a kan ruwa. Har wurin ya ci sunan. In an ce a haɗu a Fiffike, kowa ya san inda ake nufi.

Bara wani mutum ya zo da farar mota, yaransa suna kiransa Injiniya, mu ma muka bi su. Ya ce kwangila aka ba shi ta gyara tsofaffin jiragen yaƙi domin a riƙa nuna wa jama'a, kuma fiffikenmu yake nema. A gaban mai unguwa da liman ya yi alkawarin zai zuba mana gada ta kankare kafin damina. Muka ce madalla, abin ƙasa ne, ya ɗauka. Damina ta zo ta wuce, lambar wayar da ya bari ta daina shiga. Muka gitta azara biyu ta giginya. Samari suna hayewa a guje, amma tsoho mai ciwon gwiwa fa? Baffa ya gwada sau ɗaya, santsi ya kwashe shi ya faɗa ruwa, da ƙyar aka tsamo shi. Gadar siminti mafi kusa tana can sama da nisa, kuma in ka haye ta, dawowa ta kan siririyar gaɓa kake yi a ƙafa, babur ba ya bi.

To ga inda maganar take. Alhaji Ɗanjuma, mai injin casar shinkafa a Kura, ya matsa wa Baffa ya ba shi gonar jingina kafin a zuba irin damina. 'Ya'yan Baffa maza duk suna Kudu wajen nema. A wajenmu kuwa gonar da ta shiga jingina a hannun irin su Alhaji, ba kasafai take dawowa ba. Baffa ya ce in an yi gada zai ci gaba da nomansa, in ba a yi ba zai sallama. Ana cikin haka Mamman, ɗan unguwarmu da ke sayar da shinkafa a Kaduna, ya bugo waya ya ce za a buɗe wa jama'a wani filin jirgi ran Asabar a nuna jiragen da aka gyara, kuma ya ga Injiniyanmu a talabijin yana washe baki. Mai unguwa ya zaɓi Baffa saboda a idonsa jirgin ya sauka. Ni kuma, Sabo, an zaɓe ni ne don ina koyarwa a firamare, kuma kowa ya san ba na haɗiye magana.

Muka bi gefen babban kanal har Kura. Gari yana wayewa, alkama ta fara ja, masu ban ruwa suna tsaye cikin fangali da fartanya. Muka sauka a bakin titi.

Kura zuwa Zariya

Mun sami ƙaramar motar haya mai zuwa Kaduna kai tsaye. Kuɗin mota ya sa na yi salati da ƙarfi, direba ya ce in je gidan mai in yi salatin a can. Na roƙa aka bar wa Baffa gaba shi kaɗai saboda gwiwarsa, na ƙara abin da na ƙara.

"Baba, asibiti za a kai ka?" in ji direba.

"A'a. Gadarmu za mu bi."

"Gada kuma? Tafiya ta yi?"

"Ɗauke ta aka yi, ɗana. Yanzu an ce tana jikin jirgin sama."

Motar duk ta kwashe da dariya. Wani mai kwandon albasa a bayana har da buga cinya, yana cewa shi kam yau ya fito da sa'a. Raina ya ɓaci, na juya na ce masa ranar da uwarsa ta rasa inda za ta taka ta je gona zai san abin dariya ne ko ba shi ba. Baffa ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba.

"Sabo, bar su. Ni ma in wani ya ba ni labarin nan dariya zan yi."

Sai ya warware musu zance tun daga hayaƙin jirgi har faɗawarsa ruwa. Kafin mu kai Kwanar Gafan babu sauran mai dariya a motar. Wurin cike yake da kwandunan tumatir, manyan motocin Kudu sun yi layi, dillalai suna ta ɗaga murya. Mai albasan nan ya sayi rake ta taga ya miƙa wa Baffa, ya manta tsohon ba shi da haƙoran shan rake. Ni na shanye shi, ban kuma gode masa ba.

Mun wuce shinge biyu kafin Kwanar Ɗangora. A na biyun jami'in ya leƙo ya ga babbar rigar Baffa, ya ce, "Baba, ɗaurin aure?" Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka tambaya, labarin yana da tsawo." Aka ɗaga mana hannu. A Tashar Yari muka tsaya aka zuba wa mota ruwa, muka karya da ƙosai da ƙwan Inna Hansai. Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Zariya.

Zariya zuwa Kaduna

Daga Zariya zafi ya fara dukan mota. Baffa ya yi gyangyaɗi, ni kuwa na shiga tsara abin da zan gaya wa Injiniya. Na tsara shi da Hausa, na sake tsara shi da Turanci, na zaɓi kalmomin da za su fi yi masa ciwo. A wayata akwai hotunan ranar da aka ɗora fiffiken a mota, ga mai unguwa, ga liman, ga rabin unguwa sun jeru a gabansa. Na yi ta duba su ina jin daɗi. A zatona wanda yake da hoto ya gama shari'a.

Mun wuce Jaji da Mararraba, muka sauka a Kawo ana shirin Juma'a. Mamman ya tarye mu, muka yi salla tare, ya kai mu ɗakinsa da ke bayan shago. Buhunan shinkafar Kura ne jibge har rufi, ƙamshin gida ko'ina. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, ta sa wa Baffa tantaƙwashi mai laushi. Mamman ya bar mana katifarsa, ya ce shi a kan buhuna zai kwana, ai ya saba.

"Baffa," in ji Mamman muna wanke hannu, "mutanen nan fa ba irin namu ba ne. Alkawarin baka a wajensu kamar gaisuwa ne."

"A gaban liman ya yi shi."

"Ko a gaban limamai goma ne."

Baffa ya share hannunsa da gefen tabarma ya ce mu dai Allah ya kai mu goben.

A filin jirgi

Da sassafe muka shiga a-daidaita-sahu. Mamman bai bi mu ba, ranar ciniki ce. A ƙofa aka caje mu, aka so karɓe sandar Baffa, sai da na nuna musu yadda yake ɗingishi aka bar masa. Jama'a maƙil. 'Yan makaranta cikin layi, manya a ƙarƙashin rumfa, masu sayar da ruwan leda suna ta kai-komo. Sabbin jirage uku suka taso suka wuce ta kanmu da wata irin ƙara da na ji har cikin haƙorana, kowa ya ɗaga waya sama. Sojoji masu lema suka diro daga sama, aka yi ta tafi. Baffa ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce in kai shi wajen tsofaffin.

Suna can gefe a jere, an kewaye su da igiya, kowanne da allo a gabansa. Su ba sa tashi, kallo kawai ake yi. An shafe su da sabon fenti, kore da ruwan ƙasa, suna ta walƙiya. Baffa ya nufi na farko kai tsaye, wani mai buɗaɗɗen hanci kamar bakin tarwaɗa, ya tsaya ya nuna shi da sanda.

"Ga shi nan. Shi ne."

"Baba, ba shi ba ne," in ji wata murya a bayanmu.

Wani dattijo ne gajere, da tsohuwar hular soja da ta koɗe. Ya ce sunansa Yakubu, amma kowa Saje yake ce masa. Makanikin jirage ne da ya yi ritaya, ba ya cikin masu shirya bikin, ya zo ne kawai ya ga tsofaffin abokan aikinsa. Ya ji muna maganar fiffike tun a layi, shi ya sa ya biyo mu. Ya tambayi Baffa fiffiken namu miƙaƙƙe ne ko mai karkata baya.

"Miƙaƙƙe sak. In da karkatacce ne ai da ba mu haye ba."

"To dubi wannan. Nasa ya koma baya kamar na tsattsewa. Wannan na kai farmaki ne, mutum ɗaya ke shiga. Ku zo."

Baffa ya ji kunya, na gani a fuskarsa. Na ce masa, "Baffa, daga zuwa har za ka kama gadar wasu." Ya harare ni ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin abin da fenti ba, kuma bai taɓa kallonsa daga ƙasa ba.

Saje ya bi da mu layin yana bayani, yana shafa igiya kamar mai zagaya garke. Wannan mai farfela biyu na ɗaukar kaya ne. Wancan ƙaramin na leƙen fili ne. Ya ce mai son gane jirgi hanci yake fara dubawa, sai fiffike, sai wutsiya, fenti kuwa shi ne na ƙarshe, don fenti ƙarya yake yi. Ya ce yawancin jiragen da ake gyarawa haɗe-haɗe ne, gangar jikin wannan, ƙafar wancan, gilashin wani daban, sai a zaɓi lamba ɗaya a rubuta a ce shi ne. Muka tsaya a gaban na kusa da ƙarshe. Kujera biyu gare shi, gaba da baya, wutsiyarsa tana da ƙaramin fiffike can a ƙololuwa, manyan fikafikansa kuwa a miƙe.

"Wannan na koyon tuƙi ne, amma an yi yaƙi da irinsa," in ji Saje. "Gangar jikin nan na san ta. Ta daɗe a yashe a bayan rumfar gyara, ciyawa ta cinye ta, kuma fiffike ɗaya gare ta, na dama. Da na ga ta sami na hagu na tambaya, aka ce mai kwangilar daga ƙasar waje ya yi odarsa."

"Ƙasar waje!" na ce. "Wallahi ƙasar wajen nan tana bayan gidan Baffa!"

Baffa ya matsa jikin igiya. Wani matashin soja ne ke gadi, mai ladabi, ya gaishe shi da Hausa. Baffa ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe.

"Yaro, ka taimake ni. Bari in hau in taka shi. Idona zai iya ruɗewa, amma ƙafata ta san shi."

"Ayya Baba, ba a hawa. Ka ga ma an rubuta."

Na leƙa. A kan fiffiken, da ƙananan jajayen baƙaƙe, an rubuta da Turanci cewa kada a taka. Na fassara wa Baffa. Ya dube ni, ya dubi rubutun. Fiffiken da aka haye da amare, aka haye da gawa, aka haye da jakuna da buhunan taki, yau shi ne aka ce kada a taka. Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba, irin wadda ake yi in abu ya fi ƙarfin kuka.

Saje ya yi wa sojan magana a hankali, yaron ya ɗaga igiya ya ce Baba ya shiga ya taɓa da hannu amma ya yi sauri. Baffa ya shiga ba takalmi. Ya ɗora tafin hannunsa a bakin fiffiken yana bi a hankali, ido a rufe. Kusa da ƙarshe ya tsaya, ya koma baya, ya sake shafawa.

"Nan ne. Nan muke ɗaure shi da turke kada ruwa ya ja shi. Igiya ta ci wurin. Sun cike shi da wani abu, amma ga kwarin nan."

Saje ya shafa shi ma, ya gyaɗa kai.

"Ni na yarda, Baba. Amma yardata ba ta gina gada. Lamba ake nema. Irin wannan jirgi ana rubuta lambarsa a ƙarƙashin fiffike da manyan baƙaƙe, daidai da ta jikinsa. In kuna da hoton tsohuwar lambar tun fiffiken yana kan ruwanku, magana ta ƙare, babu wanda zai ce daga waje ya zo."

Lambar kam akwai ta. Duk wanda ya yi iyo a ƙarƙashin Fiffike yana yaro ya gan ta, baƙa, ta dushe amma ana karantawa. Sai dai wa yake haddace lambar gada? Na zaro waya da ƙarfin gwiwa na miƙa wa Saje. Ya duba hoto na farko, na biyu, na uku. An jingine fiffiken a jikin mota, cikinsa yana kallonmu, fari fat yana ɗaukar ido. Babu ko ɗigon baƙi.

"Ina rubutun?" in ji Saje.

Baffa ne ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce ranar da aka ciro shi daga kan ruwa duk gansakuka ne da laka da kashin tsuntsaye. Inna Hansai ta ce abin kunya ne. Kayan mutane ne aka bar mana aro shekara da shekaru, a wajenmu ko kwanon maƙwabciya ba a mayarwa da datti, balle abin da za a kai birni manya su gani. Ta tara matan unguwa, suka zo da toka da yashi da soso, suka yi yini guda suna dirza kamar yadda suke yi wa tukwanen biki. Da samari suka ɗaga waya za su ɗauka, matan suka hana, suka ce a bari a gama, wa yake ɗaukar mutum hoto bai yi wanka ba? Sai da ya yi fes, baƙaƙen nan duk sun bi ruwa, sannan kowa ya saka rigarsa mai kyau aka jeru.

Saje ya sake duba hoton. Ya mayar mini da wayar.

"Allah sarki," ya ce. "Kun wanke shaidarku da hannunku."

Wajen Injiniya

Duk da haka na ce sai mun ga Injiniya. Saje ya nuna mana rumfar da yake, ya ce shi ba zai ƙarasa ba, ba ya son ya faɗi abin da zai sa a fitar da shi. Muka jira har aka gama jawabai. Injiniya ya fito cikin farar shadda yana gaisawa da mutane. Idonsa ya sauka kan Baffa, kuma na rantse da Allah ya gane shi, don sai da murmushinsa ya tsaya cak kafin ya ɗora wani.

"Sannu Baba. Daga ina?"

"Daga inda ka ci dambun zogale a zaurena."

"Ayya, wurare da yawa nake zuwa, Baba."

Duk Turancin da na tsara a mota ya gudu. Na tura masa waya a fuska na ce ya duba, ga shi nan da kansa tsaye kusa da liman. Ya duba a natse. Ya ce eh, ya tuna ya taɓa sayen wani tsohon ƙarfe a wani ƙauye, amma da aka auna bai yi ba, an jefar. Na jikin jirgin nan daga waje ya zo, yana da takardunsa. Ya ƙara kallon hoton ya ce wannan ai ko kwanon rufi ne zai iya zama, ina lambarsa?

Nan na gane ba zai taɓa amsawa ba. In ya ce namu ne, ya tona wa kansa asiri a wajen waɗanda ya ce wa daga waje ya sayo. Na ce masa maƙaryaci, na ce masa azzalumi, na ce Allah ya isa tsakaninmu da shi. Mutane suka fara juyowa. Baffa ya kama hannun rigata ya ja.

"Sabo, ba faɗa ya kawo mu ba." Ya juya wajen mutumin. "Ɗana, ba fiffiken na zo karɓa ba. Ka riƙe shi, ya yi kyau a inda yake. Ban kuma zo in kunyata ka ba. Gada ka ce. Ko ba ta kankare ba, ko ta katako ce mai makari a gefe, wadda tsoho zai dafa. Gonata tana tsallake, ina ganinta, ba na iya zuwa."

Wallahi na zaci wannan za ta taɓa shi. Ya sa hannu a aljihu ya dunƙulo wani abu, ya kamo hannun Baffa zai cusa masa, yana cewa a sha ruwa a hanya. Baffa ya janye hannunsa ya mayar bayansa. Wani ya kira Injiniya daga cikin rumfa, shi kuma Injiniya ya ce mana yana zuwa yanzun nan, ya tafi. Mun tsaya a rana har aka fara naɗe kujeru.

A bakin ƙofa Saje ya ce in rubuta koke, zai nuna mini ofishin da ake kaiwa, shi ma zai faɗi abin da ya sani in an tambaye shi. Amma ya ce kada ya ruɗe mu, abu ne mai ɗaukar lokaci, kuma takarda ta fi bakin mutanen ƙauye nauyi a irin wuraren nan. Na ce zan rubuta, na kuwa rubuta. Baffa ya ce Alhaji Ɗanjuma ba zai jira koke ba, damina ma haka.

Komawa gida

Mun sake kwana wajen Mamman, muka kamo hanya bayan asuba. Ban san me aka yi a shingayen hanya ba, ban kula ba. A Zariya na saya wa Baffa shayi da burodi, ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Sai da muka wuce Kwanar Ɗangora, koren gonaki ya fara bayyana, sannan ya yi magana.

"Maganar wankin nan ta tsaya tsakanina da kai."

"Baffa, ai mutane za su tambaya."

"Ka ce mutumin ya musa. Gaskiya ce ai. Hansai ta yi yini tana dirza har hannunta ya sale, don kada a raina mu. Ba za ta ji wannan a bakina ba, ba kuma za ta ji a naka ba."

Inna Hansai ba ta karatun boko, na kuma roƙi duk ɗan unguwarmu da ya karanta wannan ya riƙe bakinsa.

Mun sauka Kura da azahar, babur ya kai mu gida. Jama'a suka cika zaure, na faɗi abin da aka ce in faɗa. Liman ya yi salati. Inna Hansai ta leƙo ta tambaya ko mun ga fiffiken, Baffa ya ce mun gan shi, yana nan lafiya.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Mamman da matarsa da suka bar mana shimfiɗarsu, da Saje Yakubu da ya tsaya mana alhali bai san mu ba, da yaron nan soja da ya ɗaga wa tsoho igiya. Wanda ban ambata ba, ya san dalili.

Ranar Talata Alhaji Ɗanjuma ya aiko yaransa biyu da igiyar awo. Suka haye azara a guje suna hira. Na ce wa Baffa in goya shi mu zagaya ta gadar sama, ko sau ɗaya ya taka gonar kafin a karɓa. Ya ce ba a goya shi zuwa gonar ubansa ba yana yaro, ba za a fara yanzu ba. Ya tsaya a wannan gaɓar, ruwa yana wucewa tsakaninsa da alkamar da 'yan ƙwadago suka shuka masa, ya ɗaga sanda yana nuna musu iyaka da ƙarfin murya.

"Daga ɗorawar can! A'a, ku ƙara gaba! Har jikin tsamiya, duk tawa ce!"

Suka ja igiya suka kafa turke. Ɗayansu ya ɗago hannu ya ce shi ke nan, Baba, an gama. Baffa ya sauke sandar, ya ce in riƙe masa hannu mu koma gida.